Gidan Hasbrouck: Dutsen Amurka, Ginin Holan, Gumin Bayi

A garin New Paltz na jihar New York, kimanin kilomita 130 arewa da birnin New York, akwai wani ɗan titi da ya bi gaɓar kogin Wallkill, ana ce masa Huguenot Street. Gidajen dutse bakwai ne a tsaye a bakinsa, yawancinsu tun farkon ƙarni na 18. Wanda ya fi yin suna shi ne gidan Jean Hasbrouck. An daɗe ana gaya wa baƙi cewa Jean ɗin, wanda yana cikin mutum 12 da suka kafa garin, shi ya gina gidan ya kammala a 1712. Daga baya masana suka huda katakan da ke ɗauke da rufin, suka zaro ɗan siririn ɓargon itacen, suka ƙirga zobensa. Lissafi ya tsaya a kan 1721. Jean kuwa ya rasu tun 1714. Ashe ɗansa Jacob ne ya gina gidan da ake gani yau.

Yadda ake wannan ƙirga ba shi da wuyar fahimta. A ƙasar da hunturu ke tsayar da girman itace, bishiya tana ƙara zobe ɗaya ne kowace shekara. Shekarar da ruwa ya wadata zoben kan yi kauri, shekarar fari ya sirance. Jerin kauri da sirantar nan iri ɗaya ne a dukan bishiyoyin yanki guda, don sama ɗaya ta yi musu ruwa. Sai a ɗauki jerin da aka samu a katakon gida a gwada shi da dogon jerin yankin da aka riga aka san shekarunsa, har ya zauna daidai. In zoben ƙarshe na ƙarƙashin ɓawo bai lalace ba, an san shekarar da gatari ya sari bishiyar. Kafintocin wancan zamani da ɗanyen itace suke aiki, saboda ya fi daɗin sassaƙa, don haka tsakanin sara da ɗora rufi ba a cika wuce shekara ɗaya ko biyu ba.

Wani zai ce shekara tara a gidan da ya haura 300 ai ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne. Ni ina ganin a cikin taran nan labarin ya juya gaba ɗaya. In Jean ne magininsa, to gidan ɗan gudun hijira ne da ya tsere da addininsa ya tara duwatsu a bakin daji don ya fake. Tun da Jacob ne, gidan ɗan gado ne wanda aka haifa a Amurka, ya tashi ya tarar da gonaki da hatsi da bayi, ya ga dama ya nuna wa garin matsayinsa. Katangar, murhun, benen da ɗakin ƙarƙashin ƙasa duk wannan labari na biyu suke gaskatawa.

Su wane ne mutanen? Kiristoci ne 'yan Furotesta masu jin Faransanci, waɗanda ake kira Huguenot, daga arewacin Faransa da bakin iyakarta, wajajen Calais da Lille. Dokar Nantes ta 1598 ta ba su 'yancin ibada daidai gwargwado, Sarki Louis na 14 kuma ya soke ta a 1685. Amma waɗannan iyalai ba su jira sokewar ba. Tun kafin nan matsi da yaƙe-yaƙe sun kore su zuwa yankin Pfalz na Jamus, kusa da Mannheim, kuma sunan wannan masauki ne suka raɗa wa sabon garinsu. Ɗaya daga cikinsu, Louis DuBois, ya riga sauran ƙetarowa Amurka, a farkon shekarun 1660, lokacin yankin New York yana hannun Holan. Ingila ta ƙwace shi a 1664. Jean Hasbrouck da ɗan'uwansa Abraham sun iso a shekarun 1670.

A watan Mayun 1677 mutum 12 daga iyalan DuBois, Hasbrouck, Deyo, LeFevre, Bevier, Freer da Crispell suka ƙulla ciniki da mutanen Esopus, wani reshe na al'ummar Lenape, 'yan asalin ƙasar, a kan fili kusan eka 40,000, daga duwatsun Shawangunk har bakin kogin Hudson. Abin da aka biya kaya ne: tukwanen ƙarfe, gatura, wuƙaƙe, barguna, riguna, albarushi, dalma, giya, taba da dawakai biyu. Gwamnan da Ingila ta naɗa a New York, Edmund Andros, ya ba da takardar mallaka a watan Satumba na shekarar, a 1678 kuma suka tare. Bai kamata a karanta cinikin kamar na mutum biyu masu ƙarfi ɗaya ba. Yaƙi biyu aka gwabza da Esopus kafin nan, na 1659 da na 1663, kuma a na biyun sojojin Holan sun ƙone musu garuruwa da gonakin masara. Wanda aka riga aka karya ne ya sa hannu. Fadamar bakin kogin da baƙin suka samu da kyau, masu ita sun daɗe suna nomanta.

Ba da dutse aka fara ba. Sabon zuwa ba shi da lokacin fasa dutse ga hunturu na tafe. Wani jami'in Holan, Cornelis van Tienhoven, ya rubuta a 1650 yadda sababbin manoma ke yi a wannan ƙasa: su haƙa rami mai kusurwa huɗu, zurfin ƙafa 6 ko 7, su jera katako a jikinsa, su rufe da ɓawon itace ko ciyawa mai saiwa, iyali su zauna ciki shekara biyu zuwa huɗu kafin hali ya samu. Gidajen farko na New Paltz ma na itace ne, ƙanana, kuma babu ko ɗaya da ya rage a tsaye yadda yake. Dutse ya zo ne bayan an yi kimanin shekara talatin zuwa arba'in ana noma. Gidan DuBois, mai 'yan ramukan bindiga a jikin bango, yana ɗauke da shekarar 1705. Na Jean da na Abraham Hasbrouck duka an fara su a 1721, kuma duka 'ya'ya ne suka gina, sunan iyaye ya bi gidajen.

Abin tambaya shi ne me ya sa dutse, kuma me ya sa a nan. A Holan ba a cika gini da dutse ba, don ƙasar laka ce da yashi, jan bulo shi ne abin alfaharinsu. A New England kuwa, yankin da ke gabas da New York, inda dutse ya yi yawa har manoma suka kewaye gonaki da shi, gidajen kusan duka na katako ne. Gidan Henry Whitfield na 1639 a Guilford ta jihar Connecticut ya yi suna ne domin irinsa ba su da yawa a can. Dalili biyu ne. Turawan Ingila da suka sauka can sun zo da al'adar ginin katako, kuma dutsen da ake ƙonawa a samu farar ƙasa ya yi musu ƙaranci a bakin teku. Gundumar Ulster, inda New Paltz take, tana da duka biyun a ƙofar gida. Ƙanƙarar da ta rufe yankin dubban shekaru da suka wuce ta narke ta bar duwatsu barbaje a cikin ƙasa, garma ba ta wucewa sai an kwashe su. Ga kuma shimfiɗar dutsen farar ƙasa a wajajen Kingston, Hurley da Marbletown, wanda ke tsagewa falle-falle. Mutanen da suka saba ganin gidan mutunci da katangar bulo, da suka rasa arhar bulo, sai suka ɗauki abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Fasalin gidan daga Turai ya zo, kayan aikin na wurin ne.

A matso kusa da katangar. Kaurinta ya kai ƙafa 2. Ba sassaƙaƙƙen dutse ba ne mai kai ɗaya, tsintacce ne, wani faffaɗa, wani dunƙulalle, launinsu daga toka-toka zuwa ruwan ƙasa. Magini kan tayar da fuska biyu, ta waje da ta ciki, ya cike tsakiya da ƙananan duwatsu, lokaci-lokaci ya gitta dogon dutse ya ɗaure fuskokin biyu don kada su rabu. Manya masu kyawun kusurwa ana ajiye su don sassan da bango biyu suka haɗu. Fuskar da ke kallon titi ita ake zaɓa wa duwatsu masu kyau, ta baya a yi ta da abin da ya samu. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne abin da ya riƙe su: laka ce, yumɓu da aka kwaɓa, wani lokaci da ciyawa ko gashin dabba. Farar ƙasa tana da tsada, sai an gina matoya an ci itace mai yawa kafin a samu, don haka a bakin gaɓoɓin waje kawai ake cusa ta don ta tare ruwa, sannan sau da yawa a shafe bangon da ita. Nauyin duwatsun da iya zaman da magini ya ba su ne ke riƙe da gidan. Lakar shimfiɗa ce kawai.

Irin wannan katanga tana shan danshi tana kuma fitar da shi, kuma rayuwarta ta dogara da fitar. A ƙarni na 20 masu gyara da yawa, da kyakkyawar niyya, sun cike gaɓoɓin tsofaffin gidajen dutse da siminti. Duk wanda ya ga abin da ke faruwa in an yaɓe ginin ƙasa da siminti ya san ƙarshen zancen: waje ya yi sumul, ruwan da ya shiga ta wata 'yar tsaga ya rasa hanyar fita, ciki ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da ɓawon zai ɓalle gaba ɗaya. A New York abin ya fi muni saboda sanyi. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kowane hunturu sai ya ɗan tura duwatsun waje. Shi ya sa masu gyara na yanzu suka koma wa farar ƙasa mai laushi.

Kada kuma a ɗauka kaurin nan yana nufin ɗumi. Dutse ba ya tare sanyi, jinkirta shi kawai yake yi. Da zafi gidan kan yi ni'ima, don kafin zafin rana ya ratsa ƙafa biyu na dutse dare ya yi. Da hunturu kuwa, in katangar ta sha sanyi na makonni, ita kanta ta zama abin da ke zuƙe ɗumin ɗaki. Wannan ne ya sa tagogi ƙanana, silin ƙasa-ƙasa, gado kuma sau da yawa akwati ne na katako a jikin bango mai labule ko ƙyaure, mutum ya shiga ya rufe kansa.

Cikin ɗakin ne hannun Holan ya fi fitowa. In ka ɗaga kai za ka ga manyan katakai sun gitta daga bangon gaba zuwa na baya, tsakanin kowane biyu kamar ƙafa 4, an goge su sun yi santsi, don ba a yi niyyar ɓoye su ba. A kansu aka shimfiɗa faffaɗan alluna, waɗanda ƙasansu shi ne silin ɗaki, samansu kuma daɓen bene. Babu filasta, babu wani rufi na biyu. Ƙyauren ƙofa a rabe yake biyu: a buɗe na sama haske da iska su shigo, na ƙasa a rufe ya tsare yaro a ciki, alade da kaji a waje. Tsofaffin tagogin firam ne mai siffar gicciye, an jera ƙananan gilasai da aka haɗa da dalma, domin gilashi daga Turai ake kawo shi kuma babba ba ya jure tafiyar jirgin ruwa.

Sai murhu, wanda shi ne dukiyar gidan Jean Hasbrouck. Murhun Ingila rami ne a cikin bango, da katanga dama da hagu, hayaƙi ba shi da wurin zuwa sai sama. Na Holan ba shi da gefe ko ɗaya. Ana hura wuta ne a fili a kan daɓen dutse ko bulo a gindin bango, wani lokaci da farantin ƙarfe a bayanta don kare bangon. Can sama, daidai silin, wata babbar rumfa ce ta buɗe baki tana jiran hayaƙi. Bututun hayaƙin na jan bulo ne, kuma ba daga ƙasa ya taso ba: a kan katakan silin yake zaune. Wato tarin bulo mai nauyin gaske yana lilo a saman kan mai girki, itace ne kawai ke ɗauke da shi. Don haka katakon da ke kusa da murhu ya fi sauran kauri, da ganinsa ma masana ke gane inda irin wannan murhu ya taɓa zama ko da an rushe shi. A bakin rumfar akan rataya ɗan gajeren labule mai ado, yana ƙawata ɗaki yana kuma taimaka wa hayaƙi ya sami hanya. Peter Kalm, masanin tsirrai da ya zo daga Suwidin ya ziyarci Albany a 1749, ya ga irin waɗannan murahu ya bayyana su a rubutunsa a matsayin abin da ya bambanta gidajen mutanen Holan.

A gaskiya murhun bai dace da ƙasar ba. A Holan abin da ake ƙonawa galibi busasshiyar ƙasar fadama ce mai ci a hankali ba tare da harshen wuta ba, sanyinsu kuma bai kai na kwarin Hudson ba. A nan gungume ake jefawa, zafin ya bi rumfa ya tafi, hayaƙin ya tsaya yana yawo a ɗaki. Duk da haka an yi kusan shekara ɗari ana gina shi. Yana da amfaninsa, don mai girki na iya zagaya wuta ta fuska uku, iyali kuma su kewaye ta. Amma babban dalilin, a ganina, shi ne haka maginin ya koya, haka kuma maƙwabta suke da shi. Daga tsakiyar ƙarni na 18 aka shiga rushe su ana gina na Ingila, har ya zamana na asali da suka rage a duk Amurka 'yan ƙalilan ne. Na gidan nan yana cikinsu.

Abin lura a nan: masu gidan Faransawa ne, amma babu wani abin Faransa a fasalinsa. Sun zauna tsakiyar mutanen Holan na Kingston da Hurley, sun yi auratayya da su, da maginansu suka yi aiki. A coci ma Faransanci ya yi kusan rabin ƙarni ne kawai, harshen Holan ya karɓe, Ingilishi bai yi rinjaye ba sai wajen 1800.

Tsarin ɗakuna ya nuna bambancin aljihu ko a cikin dangi ɗaya. Gidan Abraham Hasbrouck, wanda ɗansa Daniel ya gina, shi ne irin na kowa: ɗaki ɗaya aka fara a 1721, da iyali suka ƙaru aka jingina wani a gefe, bayan wasu shekaru aka ƙara na uku a ɗaya gefen. Gidan ya miƙe ya yi tsawo, daɓen ɗakunan ma ba tsayi ɗaya ba, kuma ana iya ganin layin da sabon bango ya haɗu da tsoho. A ɗaki guda ake girki, a ci, a yi saƙa, a karɓi baƙo, a kwana. Jacob bai bi wannan hanya ba. Ya tayar da gida kusan murabba'i, da doguwar baranda ta ciki a tsakiya, ɗaki biyu dama, biyu hagu. A ƙauyen manoma na 1721 wannan sabon abu ne. Barandar tana nufin baƙo ba zai faɗo kai tsaye cikin ɗakin da iyali suke ba, kuma mai gida yana da halin gina wurin da ba a kwana ba a girki a cikinsa. Daga baya an buɗe kanti a ɗaya daga ɗakunan gaba.

Faɗin gidan ya jawo rufi mai tsayi da gangara sosai, wanda dusar ƙanƙara ba ta samun wurin zama a kansa. Ƙarƙashin rufin wani makeken fili ne, kuma rumbu ne. Can ake zuba hatsi, nesa da laimar ƙasa, bututun hayaƙi na ratsawa yana busar da wurin. Alkama ita ce kuɗin yankin. Ana kai ta bakin Hudson, jiragen ruwa su sauke ta a birnin New York, a mai da ita fulawa, a tura da yawanta tsibiran Karebiyan inda aka ba rake duk ƙasar noma aka bar bayi ba abinci sai na saye. Har yau gangunan fulawa biyu na nan a jikin hatimin birnin New York. Benen gidan Jacob yana ɗaure da wannan kasuwa.

Yanzu a sauka ƙasa. Yawancin gidajen nan suna da ɗaki a ƙarƙashinsu, rabi a binne, da 'yar taga daidai fuskar ƙasa. A nan ake ajiye nama mai gishiri, kabeji, tuffa da gangunan abin sha. A gidaje da dama, har da na Abraham Hasbrouck, a nan kicin yake. Kuma a nan bayi suke kwana.

Mutane da yawa sun ɗauka bauta a Amurka abin kudu ne, na gonakin auduga. New York ta yi zamanin da ta fi kowace ƙasar mallaka ta arewa yawan bayi. Louis DuBois ya sayi 'yan Afirka biyu a gwanjo a Kingston a 1674, shekara uku kafin a sayi filin New Paltz. Wato bauta ta riga garin kansa. Wasiyyar da Jean Hasbrouck ya rubuta a 1712 ta bar wa Jacob maza biyu, Gerrit da James, ta bar wa 'yarsa Elizabeth wata mata mai suna Molly, da sharaɗin cewa in Molly ta haihu, 'yarta ta fari ta Jacob ce, sai dai a bar ta wurin uwarta har ta shekara ɗaya. An raba yarinyar da uwarta a takarda tun ba a yi cikinta ba. Mutumin da ya rubuta wannan shi ne wanda ya bar ƙasar haihuwarsa don kada wani ya mallaki imaninsa, kuma ban ga yadda za a ba da labarin gudunsa a tsallake wannan shafi ba. Ƙidayar 1755 ta sami bayi 78 da suka haura shekara 14 a hannun mutum 28 a New Paltz. A ƙidayar 1790 sun kai 302.

Takardu sunan mai gida suke riƙewa. Amma gidan da aka gina shekara bakwai bayan Jacob ya gaji Gerrit da James, duwatsunsa ba su taso daga gona da ƙafarsu ba. Sai an tone, an ɗora a kan abin ja, an haƙa ramin ƙasa, an kwaɓa laka, an sare itatuwa an ja su, an ciyar da matoyar farar ƙasa dare da rana. Ko da ƙwararren magini na haya ne ya jera duwatsun, wannan aikin ƙarfi na waɗanda ke yi wa gidan aikin ƙarfi ne, alkamar da ta biya maginin ma da guminsu aka noma ta.

Yadda zaman ɗakin ƙasa yake, muna da shaidar wadda ta kwana a cikinsa. Sojourner Truth, wadda ta zama ɗaya daga manyan masu yaƙi da bauta a Amurka, a wannan gunduma ta Ulster aka haife ta wajen 1797, harshen Holan ta fara ji kafin Ingilishi. A tarihin rayuwarta da aka buga a 1850 ta tuna ɗakin ƙasan gidan ubangidanta na ƙuruciya: maza da mata a ɗaki ɗaya, haske kaɗan ta 'yan gilasai, allunan daɓe a sake a kan taɓo har ana jin motsin ruwa a ƙarƙashi, shimfiɗa kuwa ciyawa ce da bargo. A kudu bayi na da bukkokinsu nesa da gidan ubangida, abin da ko ba komai ya ba su wurin da za su yi magana da juna. A kwarin Hudson suna ƙarƙashin ƙafarsa, allo ɗaya ne tsakani, yana jin tarinsu suna jin takunsa. Jihar New York ta kafa dokar 'yantawa a hankali a 1799, bauta ba ta ƙare ba sai 4 ga Yuli 1827.

Dalilin da gidajen suka kai yau ba ƙarfin dutse kaɗai ba ne, ko da yake ya taimaka. Ranar 16 ga Oktoba 1777 sojojin Ingila suka cinna wa Kingston wuta, lokacin ita ce hedikwatar jihar. Rufi da katako suka ci, katangun suka tsaya, mutane suka dawo suka sake rufawa. New Paltz wutar ba ta iso ta ba. Abin da ya cece ta shi ne an juya mata baya. Harkar kasuwanci ta koma wani sashe na garin, masu kuɗi suka daina sha'awar ɗakuna masu duhu. Josiah Hasbrouck, jikan Jacob, wanda ya yi ɗan majalisar tarayya, ya gina sabon gida na zamani a 1814 a wajen gari, tsohon kuma ya koma hannun 'yan haya. Ɗan haya ba ya rushe murhu ya gina sabo, mai gida kuma ba ya kashe kuɗi a gidan da ba ya ciki. Gidan Deyo da ke kusa shi ya nuna abin da kuɗi ke yi: a 1894 wani jikan gidan ya mai da shi katafaren gida irin na yayin lokacin, sai an lura ake ganin tsohuwar katangar dutsen a ƙasansa. A wannan shekarar ce zuriyar iyalan suka kafa ƙungiyar adana tarihinsu, a 1899 suka sayi gidan Jean Hasbrouck suka mai da shi gidan tarihi. Gwamnatin tarayya ta sa titin cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1960. A 2006, da bangon arewa na gidan ya nuna alamun gajiya, an sauke shi dutse bayan dutse aka sake tayar da shi.

Da yake zuriya ce ta adana gidajen, labarin kakanni ta adana, kuma an yi shekaru masu yawa baƙo na shiga ta ƙofar gaba ya fita ba a nuna masa matakalar ƙasa ba. Wannan ya fara sauyawa. Yanzu ana ba da labarin bayin, an kuma gina samfurin bukkar mutanen Esopus a harabar. A 2019 jami'ar jiha da ke garin, wadda ɗakin karatunta ke ɗauke da sunan Sojourner Truth, ta cire sunayen shida daga cikin iyalan nan daga ɗakunan kwanan ɗalibai da ɗakin cin abinci, ta sa sunayen tafkuna da duwatsun yankin da na wani tsuntsu. Wasu daga zuriyar sun ji zafin abin. Na fahimci ɗalibin da bai son kwana a ƙarƙashin sunan wanda ya mallaki irin kakanninsa. Amma game da gidajen kansu, ƙari nake so a yi, ba ragi ba: a bar sunan Hasbrouck, a gyara a ce Jacob, a rubuta Gerrit da James da Molly a inda ido zai gani, kuma a fara zagayen baƙi daga ɗakin ƙasa kafin a hau wurin murhu.

Akwai kuma gidajen da ba na dutse ba da suka cancanci irin wannan kulawa. Jacob Wynkoop, baƙar fata da aka haifa a New Paltz a 1829, ɗan wata mata da aka haifa cikin bauta, ya zama kafinta, ya yi yaƙin basasar Amurka a rundunar baƙaƙe, ya dawo ya gina wa iyalan baƙaƙe gidajen katako 'yan taku kaɗan daga Huguenot Street. Ɗaya daga ciki, gidan Ann Oliver na 1885, saura ƙiris a rushe shi a 'yan shekarun nan kafin mutanen gari su tsaya a kansa, aka ware shi don ya zama cibiyar tarihin baƙaƙen yankin. Katako ne, ba zai jure sakacin da dutse ya jure ba, don haka gyaransa ya fi gaggawa.